Takardar da Yaya Ta Cika

Wata huɗu cur Yaya ta yi tana kwana a kan katifa a ƙasan ɗakin Mama, tun ranar da ɓarin jikin tsohuwar na dama ya shanye a gaban keken ɗinkinta. Ita ke ɗaga ta, ita ke kai ta banɗaki, ita ke cuɗa mata baya, ita ke fifita shayi ya huce kafin ta kai mata baki. Ta rufe ɗan shagonta, ta bar mijinta da 'ya'ya uku suna cin duk abin da suka iya jagwalgwalawa. Ƙafar Mama ta dawo, har tana takawa da sanda zuwa falo. Bakin ma ya dawo, da kaifinsa har da ƙari. Hannun dama ne ya ƙi, yana nan kwance a cinya da yatsu a lanƙwashe. Kuma da hannun nan Mama ta shekara talatin da biyar tana yanka yadi ba tare da ta ja layi da alli ba, da shi ta ciyar da su bayan rasuwar babansu. Kullum da safe sai ta zuba masa ido ta ce, "Wai shi wannan yaushe zai tashi?"

A duk watannin nan, abin da Auta ta kawo gidan bai wuce murya a waya ba. Auta ƙanwar Yaya ce, likitar gashin ƙashi a wani asibiti mai nisan yini guda a mota, irin likitocin nan da ke koya wa jiki motsi bayan ciwo ya kayar da shi. Za ta kira da yamma ta ce, "Yaya, ki daina ba ta a baki, ki bari ta gwada da kanta." Sai Yaya ta ce to, ta kashe waya, ta ja tsaki, ta ɗauki cokali. Wanda bai taɓa wanke zanen gadon da aka yi wa fitsari ba, ba da shawara ba ta yi masa wuya.

Sai ga Auta kwatsam ranar wata Lahadi, an turo ta horo na mako biyu a babban asibitin garin. Ta shigo da jaka a kafaɗa, da fayil cike da takardu, da wani akwatin katako a hammata. Ba ta ko gama shan ruwa ba ta durƙusa a gaban Mama ta kama hannun.

"Mama, ɗaga wuyan hannun. Ke kaɗai, ba zan taya ki ba."

Hannun ya yi rawa, ya ɗago kaɗan. Auta ta ɗora masa wani ɗan ma'auni na roba, ta duba, ta rubuta.

"Buɗe yatsun."

Babban yatsa da biyu na kusa da shi suka ɗan buɗe, sauran suka yi kunnen uwar shegu. Fuskar Auta ta washe. Ta buɗe akwatin, wanda ke da shamaki a tsakiya, gefe ɗaya cike da 'yan katakai masu kusurwa huɗu. Ta ce Mama ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana tsallakar da su ɗaya gefen, na minti guda. Mama ta yi gumi sharkaf, ta tsallakar da shida.

"Hannun nan da ransa," in ji Auta. "Mantawa aka sa shi ya yi."

Yaya na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. "Wa ya sa shi?"

"Ban kira sunan kowa ba."

"Ai gara ki kira. Mu uku ne a ɗakin."

Auta ta juya ga jakarta. Ta zaro wata safar hannu mai kauri, wadda ba ta da yatsu, sai maɗauri a wuya. Ta ce ba a hannun da ya shanye za a sa ta ba, a lafiyayyen za a sa, na hagu, awa shida kullum, daga takwas na safe zuwa biyu na rana, har kwana goma sha huɗu. In na hagu yana ɗaure, dole na dama ya yi aiki. Ta ce idan hannu ya yi rauni, mutum ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa ya kasa, sai ƙwaƙwalwa ta cire shi daga lissafi ta koma kan ɗayan, ko da kuwa akwai sauran ƙarfi a cikinsa. An gwada wannan hanya a kan mutane da yawa masu irin ɗan motsin da Mama ke da shi, an kwatanta su da waɗanda aka yi wa gashi yadda aka saba, kuma waɗanda aka ɗaure sun fi samun hannunsu. Ta baje takardun a kan gado tana nuna layuka da yatsa.

"Wato hannu ɗayan da ya rage mata shi za ki ɗaure," in ji Yaya. "Wannan karatun da aka kashe miki shekaru ke nan?"

"Ba ni na ƙirƙira ba, Yaya. Bincike ne."

"Su masu binciken, uwarsu suka ɗaure?"

Mama ta karɓi safar ta juya ta, ta duba cikinta, ta taɓe baki. "Wane mugun tela ne ya yi wannan ɗinkin? Ji yadda ya bar zare a waje." Ta sake kallon hannunta na dama. "In na sa, zan riƙe almakashi?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Mama. Amma in akwai hanya, wannan ce."

"To ɗaura."

Da yake Auta tana fita horo tun takwas da rabi ba ta dawowa sai biyar, har ranakun ƙarshen mako, aikin yini ya faɗo a kan wadda ba ta yarda da shi ba. Auta ta jera kaya a kan tire: maɓallai a cikin kwano, murafun kwalba, cokali, kofin roba, tsofaffin katunan waya da za a riƙa juyawa. Ta ce a ƙalla sau ɗari uku hannun zai kai ya kawo a yini. Ta liƙa takarda a bayan ƙofar ɗaki mai gidaje goma sha huɗu, ta rataya biro da zare.

"Lokacin da aka sa, lokacin da aka cire, da sau nawa ta yi. Gaskiya kawai za ki rubuta, Yaya. Da wannan takardar zan san ko yana yi ko ba ya yi."

"Ni kike koya wa gaskiya? Lokacin da nake goya ki ko majina ba ki iya sharewa ba."

Kwana biyun farko Yaya ta yi abin da aka ce, tana yi tana cika tana batsewa. Ta zauna ta ga Mama na bin maɓalli a cikin kwano, yana zillewa, tana bi, yana zillewa, har minti biyar kafin ta kama ɗaya. Ta ga cokali ya taso da shinkafa ya zubar da ita a ƙirji. Mama ta zagi safar, ta zagi wanda ya ɗinka ta, ta zagi Auta da ba ta nan, ta juyo kan Yaya ta ce ta zauna ta zuba mata ido kamar mujiya. Ranar farko hannun ya kai ɗari da arba'in, rana ta biyu ɗari da casa'in. Yaya ta rubuta yadda suke. Da Auta ta dawo ta duba ƙofa, maimakon sannu sai ta ce, "Bai kai ba. Gobe a ƙara."

Rana ta uku da hantsi maƙwabciyarsu matar direba ta shigo dubiya ba tare da ta jira an ce ta shigo ba. Ta tarar da Mama a falo, hannu ɗaya a cikin safa, ɗayan yana kokawa da kofin roba, shayi ya jiƙa gaban rigarta har cinya, ga ɗan burodi manne a haɓarta ba ta da abin da za ta cire shi. Matar direba ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wa ya yi miki haka? Ke da kika ɗinka wa unguwar nan kaf kayan fita? Da 'ya'yanki biyu a raye?"

Ta juyo ta yi wa Yaya wani kallo daga sama zuwa ƙasa, irin na wadda ta samu labarin da za ta kai gida-gida kafin rana ta yi tsaka. Mama ta buɗe baki za ta ba ta amsa, ita da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, amma sai hawaye suka zubo. Rabon da Yaya ta ga hawayen Mama tun ranar da aka fita da babansu. Ba ta san lokacin da ta fizge maɗaurin ta yi jifa da safar bayan kujera ba. Ta sallami matar direba, ta canza wa Mama riga, ta haɗa wani shayin ta ba ta a baki, Mama na sha tana ajiyar zuciya.

Ƙarfe biyu ya yi, Yaya ta tsaya a bayan ƙofa da biro a hannu. In ta rubuta gaskiya, Auta za ta dawo ta tsaya a tsakiyar falo da katin aikinta rataye a wuya ta karanta mata laifinta, a gidan da ita Yaya ta yi wata huɗu tana kwashe kashi. Sai ta rubuta takwas zuwa biyu, ta rubuta ɗari uku. Da ta waiwayo, Mama na kallon ta daga kan gado. Yaya ta saki biron ta fita.

Washegari Auta ta ɗaura safar, ta yi wa Mama atisaye na rabin awa, ta ɗauki jaka ta fita. Suna jin ƙarar ƙofar waje, Mama ta miƙo hannun hagu ba tare da ta kalli Yaya ba. Yaya ta kwance.

Haka abin ya zama. Kuma kada a yi wa Yaya ƙarya a ce tausayi ne zalla. Tausayin yana nan, amma akwai daɗi a ciki, daɗin cewa ita ake miƙo wa hannu, ita ce mai kwancewa, Auta kuwa mai ɗaurewa. Ta ƙware a aikin har abin ya ba ta tsoro. Ta daina rubuta ɗari uku cif, ta koma ɗari biyu da tamanin da bakwai, ɗari uku da goma sha ɗaya, wata rana ta sa an cire ƙarfe biyu saura kwata don Mama ta gaji. Ta lura safar ta yi tsabta da yawa, sai ta ɗiga mata shayi, ta goga ta a jikin bango, ta murza ta da hannu har ta yi laushi. Maɓallan kan tire takan hautsina su kafin biyar. Mama na ganin duk wannan, wani lokaci ma ita ke tuna mata. "Ba ki juya katunan ba."

Rana ta tara da yamma suka haɗu a kicin, Yaya na yanka albasa, Auta na wanke kofi. Auta ta ce da ta shigo ta ga Yaya na ɓalla wa Mama maɓallin riga.

"Bayan biyu ne. Ko shi ma takardarku ta hana?"

"Ba ta hana ba, amma me zai sa ba za ki bari ta gwada ba? Duk abin da kika yi mata, kin ƙwace wa hannun ne."

"To ki zo ki zauna ki gani mana. Ki bar horon."

"Zan zauna." Auta ta ajiye kofin. "Na nemi hutun wata guda a wurin aiki. Shugabanmu ya ce zai riƙe mini gurbin har ranar Lahadi. In na gwada ta na ga hannun ya motsa, zan zauna in ci gaba da kaina. In bai motsa ba, ba amfanin in ƙara wahalar da ita."

Wuƙar ta tsaya a hannun Yaya. Wata guda, da Auta a gidan nan daga safe har dare, tana ba da oda, tana duba yadda aka shimfiɗa gado. Kuma in hannun ya tashi, duk unguwa za ta ce ƙaramar ce ta zo ta gyara abin da babbar ta ɓata.

"Wato sai yanzu kika tuna kina da uwa."

"Yaya, kar mu fara."

"An riga an fara. Ina kike lokacin da take faɗuwa a banɗaki? Ina kike lokacin da bayana ya riƙe na kasa miƙewa, ina rarrafe ina kai mata ruwa? Kin zo da akwatin wasan yara da safar dambe, kina yi mana kallon jahilai."

Auta ta juyo, idonta ya kaɗa. "Kina so in faɗa? Kin mayar da ita jaririya. Kuma kina jin daɗin hakan, don a ce Mama ba ta iya komai sai da ke. Tun muna yara haka kike, ba kya iya ganin abu yana tafiya ba da hannunki ba."

Saura ƙiris Yaya ta zabga mata mari. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar ta taɓa wani wuri da ta san akwai shi. Ta ajiye wuƙar a hankali, ta wanke hannu, ta fita. A daren da ya gabata ta yi niyyar ta mayar da safar na sauran kwanakin, ko na awa biyu ne. Bayan wannan magana ta fasa, kuma washegari ita ta fara kai hannu kan maɗaurin tun kafin Mama ta miƙo.

Ranar Lahadi da safe Auta ta ɗora akwatin katakon a kan tebur, ta saita agogon wayarta. Mama ta zauna, ta gyara ɗankwali da hagu. Yaya ta tsaya a wurinta na bakin ƙofa.

"Fara."

Hannun ya tashi yana rawa, ya kama katako, ya kai shi bakin shamaki, ya saki. Ya koma. Yaya ta sami kanta tana ƙirgawa a zuci, tana roƙon ya yi yawa, ita da ta fi kowa sanin abin da aka shuka. Agogo ya yi ƙara a kan bakwai.

Auta ta ce a huta a sake. Aka sake, shida. Ta auna wuyan hannun da ɗan ma'auninta, ta duba abin da ta rubuta ranar farko, ta sake aunawa. Sannan ta je ta ɓalle takardar daga bayan ƙofa, ta zauna a bakin gado tana haɗa lissafi, leɓenta na motsi.

"Awa saba'in da bakwai," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sau dubu uku da wani abu. Da yana da niyyar tashi, da na ga ƙarin biyar ko shida a akwatin nan. Ƙarin ɗaya ba sauyi ba ne, ko ranar farko za ta iya yin bakwai in ta yi sa'a." Ta shafa goshi. "A cikin binciken ma akwai waɗanda bai yi musu aiki ba. Ban taɓa kawowa Mama za ta faɗa cikinsu ba."

Sai ta yi abin da Yaya ba ta taɓa ganin ta yi ba tun tana 'yar firamare. Ta sauko ta durƙusa a gaban Mama, ta kifa kai a gwiwarta, ta fashe da kuka.

"Mama, ki yafe mini. Na azabtar da ke mako biyu a banza. Kin yi duk abin da aka ce, har kin wuce. Ba laifinki ba ne. Hannun ne, ina ganin inda ya tsaya ke nan. Mu bar shi, mu koya wa na hagu abin da zai iya."

"Almakashin fa?" in ji Mama.

Auta ta girgiza kai.

Da farko wani sanyi ne ya ratsa Yaya, na wadda ta ci nasara: ga Likita a ƙasa, ga takardunta sun tashi a banza. Bai kai numfashi uku ba ya juye ya zama tsoro. Ta kalli Mama tana jira. Mama ce ai mai hannun, ita za ta ce, ke yarinya tashi, ba a yi komai ba, kwana biyu kawai aka yi. Amma Mama ta mayar da fuska bango, ta ɗora hagunta a kan Auta tana shafawa.

"Ya isa. Dama jikina ya ba ni."

A gabansu Auta ta kira shugabanta ta ce a ba wani gurbin hutun, gobe za ta kamo hanyar dawowa aiki. Yaya na jin kowace kalma. Ta bari har aka kashe wayar.

Washegari da safe Yaya ta raka Auta bakin titi, tana riƙe da akwatin katakon. Tun daga ƙofar gida take jera maganar a ranta, ta ce in sun kai wurin shagon mai faci za ta faɗa, suka wuce, ta ce in sun kai mahaɗa. Tasi ta tsaya. Auta ta sa jaka a baya, ta juyo da kumburarrun idanu.

"Yaya, maganar da na faɗa miki a kicin, ki yi haƙuri. Ba ki yarda da abin ba, amma kin tsaya kin yi shi, ko rana ɗaya ba ki tsallake ba. Ba don takardarki ba da na zauna wata guda ina gana mata azaba a kan abin da ba zai yi ba."

Da zagi ta yi, da Yaya ta samu bakin magana. Amma godiya ta yi. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta tsaya tana kallo har motar ta sha kwana.

Ba ta iya cin komai ba ranar. Wajen ƙarfe ɗaya ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta kira Auta. Ana jin ƙugin mota da kukan wani jariri a bayan muryar Auta.

"Takardar nan ƙarya ce," in ji Yaya, da sauri, kafin zuciyarta ta canza. "Kwana biyu da rabi ta sa. Sauran duk ni na rubuta."

Sai muryar Auta ta zo a hankali.

"Shayin da ke jikin safar fa?"

"Ni na zuba."

"Kin zauna kina kallo na durƙusa ina kuka." Muryar Auta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ihu muni. "Kina kallo na ce wa Mama hannunta ya gama. Kina kallo na ba da hutuna. Sai bayan wata biyar wani gurbin zai fito, kin sani?"

"Ki dawo, Auta. Ki sauka a tasha ta gaba. Zan ɗaura mata, wallahi zan ɗaura."

"In dawo in ce mata me? Jiya na ce ya mutu, yau na ce da ransa? Hannun bai lalace ba, ko bayan shekara ana samun waɗanda suke motsawa. Amma ba a ɗaure mutum da ƙarfi, sai wanda yake so. Ranar da na zo tana so. Ke kika kashe wannan, ni kuma na binne da bakina." Ta ja numfashi. "Safar na cikin kwandon shara na banɗaki. Ki ɗauko ki gwada, tunda ke ce mai uwa. Kuma kar ki sake kira na sai in wani abu ya same ta."

Ta kashe.

Yaya ta ciro safar daga shara, ta wanke ta da sabulu, ta matse, ta goge da tawul. Ta jera maɓallai a kwano, ta ɗauki tiren ta shiga ɗaki. Mama na zaune a bakin gado tana kallon taga. Da ta ga abin da ke kan tiren, sai ta tura hannun hagu ƙarƙashin cinyarta ta danne.

"Fitar mini da wannan."

"Mama, mu gwada. Awa ɗaya kawai. Na gaya wa Auta komai, ta ce hannun da ransa."

"Jiya a gabanki ta ce ya tsaya."

"Ai don takardar ne. Ni da ke mun san ba a yi ba."

"Ni ban san komai ba." Mama ta juyo ta dube ta ido cikin ido. "Ni na iya riƙe biro? Ke kika rubuta, likita ta karanta, ta yanke. Jiya ne na fara barci mai daɗi tun da na kwanta, don na daina jira. Yanzu ki zo ki ce in koma bin maɓalli a kwano, in zubar da shayi a jikina, in kuma ya ƙi tashi fa? A sake gaya mini sau biyu?"

"Mama, don Allah. Laifina ne, na yarda. Kar ki bar hannunki saboda ni."

"Saboda ke? Ke kin ɗauka komai saboda ke ne." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wata huɗu kina ce mini, Mama huta, ni zan yi miki. Bari, ni zan yi. Kar ki wahala, ga ni. To na ji maganarki, na huta. Sai ki yi ta yi. Ki aika wa mijinki ya kawo miki sauran kayanki, don ba ranar komawa."

Yaya ta tsaya da tire a hannu. Ta ji haushin tsohuwar, ta ji haushin Auta, amma duk bai kai wanda take ji na kanta ba, kuma ba wanda za ta kai wa ƙara.

"Ajiye wannan ki ɗebo ruwan ɗumi," in ji Mama. Ta nuna hannun dama da haɓa, yana kwance a cinya a dunƙule. "Ki buɗe shi ki wanke cikin. Tun jiya nake jin yana wari."

Yaya ta ajiye tiren a ƙasa, ta kawo ruwa da tsumma, ta durƙusa. Ta kama babban yatsan ta ja a hankali, sannan biyu na kusa da shi. Mako biyu da suka wuce su ukun nan da kansu suke buɗewa. Yau sai da ta sa ƙarfi, kuma tana saki suka koma.